Mai Lissafi Da Mai Awo

Akwai wata magana da na ke yawan ji a bakin 'yan'uwana ɗalibai, wai tun da kwamfuta ta zo, aikin auna ruwan sama da zafin rana a makaranta ya zama ɓata lokaci. Ni ban yarda ba. Shaidata kuwa mutumin kwamfuta ne, watau Paul Crutzen, wanda aka haifa a Amsterdam ta ƙasar Holan a 1933, ya rasu a 2021.

Da fari aikin gina gada ya koya. Daga baya ya ga ana neman mai tsara wa kwamfuta aiki a sashen ilmin yanayi na jami'ar Stockholm, a Suwidin. Bai taɓa yin irin aikin ba, amma ya nema, aka kuwa ɗauke shi. Daga nan hankalinsa ya koma kan ozon, wata iska da ta ke can bisa, kamar mil 10 zuwa 20 daga ƙasa. Ita ce ta ke tare mugun hasken rana mai ƙona fata da lalata ido. Ba ta da yawa ko kaɗan: da za a sauko da ita a matse ta, kaurinta ba zai wuce milimita 3 ba.

A 1970 Crutzen ya nuna da lissafi cewa iskar nitirojin da ta haɗu da oksijin tana cin ozon ta fito lafiya lau, ta sake kama wani, haka haka ba iyaka. A 1974 Mario Molina da Sherwood Rowland, a Amurka, suka nuna kilorin ma haka ya ke yi, tushensa kuwa iskar CFC da a ke sa wa firji da gwangwanin feshi a wancan zamani. Wannan aiki ne babba, gama sun hango ɓarna tun ba wanda ya gan ta da ido. Su ukun aka ba lambar Nobel a 1995, sun kuwa cancanta.

Amma fa ku dubi abin da ya faru a tsakani. Lissafin masana ya ce ozon zai riƙa raguwa sannu a hankali, cikin shekaru masu yawa. Ba kwamfutar da ta ce zai tsage a wuri guda. Waɗanda suka gane haka su ne Joe Farman da abokan aikinsa biyu, Turawan Ingila, masu lura da awon wata tasha mai suna Halley a ƙasar ƙanƙara ta Antatika, can ƙarshen kudu. Tun wajen 1957 a ke awo a wurin, da irin na'urar da Gordon Dobson ya ƙago tun kafin yaƙin duniya na biyu. Shekara da shekaru ana rubuta lambobi, ba wani labari a cikinsu, ba mai yabo. Sai a 1985 suka bayyana cewa ozon na watan Oktoba a bisa tashar ya ragu da wajen kashi ɗaya cikin uku, ko fiye. Ashe lissafin bai sa gizagizan ƙanƙara na wurin a ciki ba, su ne kuwa su ke sakin kilorin ya yi ɓarna. Crutzen da kansa yana cikin waɗanda suka koma suka gyara. Shekara biyu bayan haka, a 1987, ƙasashe suka sa hannu a Montreal a kan rage CFC.

Wani zai ce, ina ruwan yaron firamare da Antatika? Ai ba ozon za mu sa shi ya auna ba. Gaskiya ne. Amma wanda zai zauna shekara talatin yana rubuta lamba daidai, ko da ba mai dubawa, tun yana yaro a ke koya masa. A makarantun da mu ke zuwa gwajin koyarwa, sau da yawa sai ka tarar da ma'aunin ruwa ya zama gidan ƙadangare, littafin kuwa an cika shi rana guda da lambobin ƙarya saboda mai duba makarantu zai zo. Malamin da ya bar wannan ya koya wa yara abin da ya fi jahilci muni.

Don haka ina roƙon shugabanninmu a gyara ma'aunin kwalejin nan, a raba aikin aji aji, kowane aji mako guda, da ƙarfe bakwai na safe. A kuma sami wanda zai riƙe littafin lokacin hutu, gama a watan Agusta ne ruwa ya kan yi yawa, mu kuwa muna gida.