Amurka: tsakanin tauraro da yaran da ke sha'awarsa

A Amurka akwai gasar tsalle da kirari, inda samari da ƴan mata ke ɗaga juna sama suna alkafura. Cikin shekarar 2020 Netflix ya nuna ƙungiyar makarantar Navarro ta jihar Tekzas, sai Jerry Harris ya zama tauraro. Ashe tun 2018 yana neman hotunan batsa ta salula daga yara ƴan wasa masu ganin girmansa. Yaro kuwa da wuya ya ce wa gwaninsa a'a.

A 2022 kotu ta ɗaure shi shekara 12. Amma abin dubawa shi ne hukumar wasan: wata uwa ta kai mata ƙara cikin watan Mayu 2020, ba ta dakatar da shi ba sai Satumba, da jarida ta tona.