GYARA KAYANKA BA YA ZAMA SAUKE MU RABA

Duk wanda ya taɓa shiga motar haya daga Gusau, aka karya kwana a Mayanchi aka nufi Anka, daga nan sai Daki Takwas sai Gummi, ya san yadda hira ke mutuwa a bakin fasinja da zarar an bar gari. Kowa idonsa na kan daji, direba na ta tambayar motocin da ke tahowa ko gaba lafiya. A irin wannan tafiya ce na zauna kusa da wani dattijo mai komawa ƙauyensu a ƙasar Bukkuyum. Rediyon mota na ba da labarin wasu kayan yaƙi da wata ƙasar waje ta kawo mana, sai wani matashi daga baya ya ce to alhamdulillahi, an kusa gamawa da 'yan bindiga ke nan. Dattijon ya waiwaya ya dube shi, ya ce, "Ɗana, jirgi kam muna jin kukanai bisa. Amma harajin noma bana ma sai da munka biya."

Wannan magana ta tsohon nan ita ta hana ni sakat. Abin da nake son faɗa a yau ba shi da tsawo: duk makamin da ya shigo ƙasar nan da sunan taimako, da duk kwabon da aka fitar da sunan tsaro, wajibi ne a yi wa talaka lissafinsa, kuma lokacin yaƙi ne ya fi cancanta a yi wannan lissafi, domin a lokacin ne kuɗin suka fi yawa, masu tambaya kuma suka fi ƙaranci.

Bari mu fara da sanin me ake nufi da taimakon soja, don kada mu yi ta dukan ruwa. Akwai wanda ake bayarwa kyauta, kamar motocin sulke 24 masu jure nakiya da Amurka ta miƙa wa sojan Najeriya a Janairun 2016, waɗanda aka ƙiyasta kuɗinsu a kan dala miliyan 11. Akwai wanda muke saye da kuɗinmu amma bisa izini da sharuɗɗan mai sayarwa, kamar jiragen Super Tucano 12 da suka iso a 2021, da jirage masu saukar ungulu 12 na kusan dala biliyan ɗaya da Amurka ta amince ta sayar mana a Afrilun 2022. Akwai kuma horo da bayanan leƙen asiri, har ma da shiga yaƙin kai-tsaye, kamar harin da Amurka ta kai a jihar Sakkwato ranar 25 ga Disamban 2025 da amincewar gwamnatinmu. Duk waɗannan da sunanmu ake yin su. Da an tashi roƙo sai a ɗauki hoton gawarwakinmu da zawarawanmu a kai gaban Turawa. To me ya sa in kaya sun iso ba a kiran mu mu ga rasit?

Mai karatu zai iya cewa zargi ne kawai irin na ɗan Najeriya. To ga tarihi nan, bai yi nisa ba. A Satumbar 2014 hukumomin Afirka ta Kudu suka kama tsabar kuɗi dala miliyan 9.3 a cikin wani jirgin sama na alfarma da ya taso daga Najeriya, aka ce wai makamai za a saya da su. Ƙasa guda ta tafi sayen makamai da kuɗi a akwati kamar mai zuwa kasuwar shanu! A 2015 kwamitin binciken sayen makamai da Shugaba Buhari ya kafa ya yi zargin an ba da kwangilolin bogi na kusan dala biliyan biyu, na jirage da bama-bamai da ba a kawo ba. Aka kama Sambo Dasuki a Disamban wannan shekara, ya musanta zargin, aka tsare shi shekara huɗu duk da umarnin kotuna na a ba shi beli, aka sake shi a Disamban 2019. Shekaru huɗun nan sun wuce ba tare da an yanke hukunci ba. Shi bai samu wankewa ba, mu ba mu samu amsa ba.

Kada wani ya ce ai wancan mulki ne. A Disamban 2017 gwamnoni suka amince a ciri dala biliyan ɗaya daga asusun rarar kuɗin mai don yaƙi da rashin tsaro. Daga wannan asusu aka biya Amurka dala miliyan 496 kuɗin Super Tucano, sai a Afrilun 2018 shugaban ƙasa ya rubuta wa Majalisa cewa ya riga ya biya, alhali sashe na 80 na tsarin mulki ya hana a taɓa kuɗin jama'a sai da amincewarta. Wasu sanatoci har sun ambaci tsigewa, daga baya ƙura ta lafa. A Maris na 2021 mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, Babagana Monguno, ya yi hira da sashen Hausa na BBC, inda duk wanda ya saurara ya fahimci cewa akwai kuɗin makamai da ba a ga kuɗin ba, ba a ga makaman ba. Kafin gari ya waye ofishinsa ya ce ba a fahimce shi ba ne. Da Hausa aka yi hirar nan, jama'a. Mu ma Hausar muke ji.

Kuɗi ke nan. Su kansu makaman fa? Rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya na shekarar 2019 ya ce akwai makamai 178,459 na 'yan sanda da ba a iya ba da bayaninsu ba, daga ciki 88,078 bindigogi ne ƙirar AK-47. A Janairun 2020 kuma ƙungiyar Conflict Armament Research, mai bin lambar bindiga har zuwa masana'antar da ta ƙera ta, ta fitar da sakamakon binciken makaman da aka ƙwace a Zamfara da Katsina da Kaduna. Wasu daga Libiya suka biyo ta Sahara, wasu ta tashar ruwan Legas aka yi fasa-ƙwaurinsu, wasu kuwa daga rumbun jami'an tsaronmu suka fito. Ba na cewa duk sayar da su aka yi. An ƙwace wasu a fagen daga, a hannun jami'an da suka mutu suna kare mu. Amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Rumbun da ba a ƙirga abin da ke cikinsa, ta yaya za a san na ƙwace da na sayarwa? Kuma wa ya ba mu tabbacin cewa kayan da baƙi ke kawowa ba a irin wannan rumbu ake zuba su ba?

Yanzu mu dawo gida mu ga wanda ke biyan bashin. Kwamitin da gwamnatin Zamfara ta kafa a 2019 a ƙarƙashin tsohon Sufeto Janar na 'yan sanda, M. D. Abubakar, ya ƙirga mutum 6,319 da aka kashe daga 2011 zuwa 2019, da sama da naira biliyan uku da aka biya kuɗin fansa. Wato talaka ya biya sau biyu: an sayi jirgi da rabonsa na arzikin ƙasa, sannan ya sayar da gonarsa ya fanshi matarsa. A farkon Janairun 2022, watanni kaɗan bayan isowar Super Tucano, 'yan bindiga suka yi kwanaki suna bin ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Kurfar Danya, suna kisa suna ƙone-ƙone. Mutanen yankin suka ce wajen mutum 200 suka rasa. Gwamnatin jiha ta ce 58 ne. Ku duba fa, ko gawa ba mu iya ƙirgawa da baki ɗaya ba, ina ga harsashi? An yi Sharan Daji, an yi Harbin Kunama, an yi Diran Mikiya, an yi Hadarin Daji, an zo an yi Fansan Yamma. Sunaye masu daɗi a baki, kowane da kasafinsa. Amma wane ne a Adabka ko Gwashi ko Nasarawar Burkullu ya taɓa ganin takardar da ta ce ga abin da aka kashe, ga abin da aka samu?

Na san amsar da za a ba ni, domin na sha jin ta a majalisar bakin titi. Ta farko, wai sha'anin tsaro sirri ne. Na yarda. Ba wanda ya ce a faɗa mana ranar da za a shiga daji, ko ta wace hanya. Amma farashin mota ba sirrin yaƙi ba ne. Sunan ɗan kwangila ba sirrin yaƙi ba ne. Ko kaya sun iso ko ba su iso ba, ɗan bindigar da ke daji ya riga mu sani, tunda shi ake harbi ko ba a harbi. Mu kaɗai ake ɓoye wa. Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ta keɓe kayan tsaro daga tantancewar da ake yi wa sauran kwangiloli, sai in shugaban ƙasa ya ga dama. Ga kuma kuɗin tsaro na musamman da gwamnoni da wasu manyan jami'ai ke karɓa, waɗanda Transparency International ta ƙiyasta a 2018 cewa sun kai dala miliyan 670 a shekara, ba rasit ba bincike. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mu kuwa da hannunmu muka tsaga bangon, muka sa masa suna sirri.

Amsa ta biyu, wai ai Turawan da ke ba da kayan suna sa ido. Mu dubi inda suka fi sa idon. A Janairun 2024 babban mai binciken ma'aikatar tsaron Amurka ya ce daga cikin wasu makamai na musamman na kusan dala biliyan 1.7 da aka bai wa Yukren, na sama da dala biliyan ɗaya ba a kammala ƙidayarsu a kan lokaci ba. Bai ce an sace su ba, amma ya ce lissafi ya yi baya. A wannan wata ne kuma hukumar tsaron Yukren da kanta ta bankaɗo almundahanar kusan dala miliyan 40 ta harsasan igwa da aka biya ba a kawo ba. A Afganistan an yi shekaru ana biyan albashin sojojin da babu su sai a takarda, kuma da gwamnati ta faɗi a 2021 an bar kayan yaƙi na wajen dala biliyan bakwai a hannun Taliban. Abin lura shi ne Yukren na tsakiyar yaƙi da Rasha ta yi wannan bincike, har ministan tsaronta ya bar kujerarsa a Satumbar 2023 bayan cece-kucen kwangiloli, sama kuma ba ta faɗo ba.

Ban da haka, sa idon baƙo don kansa yake yi. Shi damuwarsa kada fasaharsa ta faɗa hannun abokin gaba. Lambar jirgi yake ƙirgawa, ba kaburbura ba. Da aka jefa wa farar hula bam a Mutumji ta ƙaramar hukumar Maru a Disamban 2022, da Tudun Biri ta Kaduna a Disamban 2023, da Tungar Kara a Janairun 2025, wane jakada ne ya zo ya zauna a tabarmar makoki ya ce ga sakamakon bincike? Mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo. In ba mu tambaya ba, babu mai tambaya a madadinmu.

Amsa ta uku ita ta fi ƙona mini rai, wai tambaya na karya gwiwar soja. Wane sojan? A 2014 kotun soja ta yanke wa ƙananan sojoji 12 hukuncin kisa a Satumba, ta ƙara da 54 a Disamba, bisa laifin bore, waɗanda da yawansu kukansu shi ne an tura su gaban Boko Haram ba isassun makamai. Bayan shekara guda aka fara tona asirin kwangilolin bogi, aka mayar musu da hukuncin ɗaurin shekara goma. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Mai neman a yi lissafi shi ne masoyin kurtun da ke kwana a rami a bakin dajin Bagega. Mai cewa a yi shiru, sai mu tambaye shi wa yake karewa.

Na ambaci Bagega da gangan, domin ƙasar Anka ta taɓa koya wa Najeriya darasi. A 2010 gubar dalma daga haƙar zinare ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. A 2012 gwamnatin tarayya ta yi alƙawarin kuɗin kwashe gurɓatacciyar ƙasar Bagega, kuɗi suka maƙale a Abuja, likitocin MSF na jira domin ba amfanin yi wa yaro magani a mayar da shi cikin guba. Sai wasu matasa a ƙarƙashin shirin Follow The Money, wato bin sawun kuɗi, suka tasa maganar a gaba, a jarida da intanet da ofisoshin 'yan majalisa, har aka saki kuɗin a farkon 2013 aka yi aikin. Ba bindiga suka ɗauka ba. Tambaya uku suka riƙe: nawa ne, yana hannun wa, yaushe zai iso?

Waɗannan tambayoyi uku su za mu kai wa kuɗin tsaro. Muna da Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa ko ta faɗi dalilin ƙi. Sashe na 88 na tsarin mulki ya ba Majalisa ikon bincike. Muna da ɗan majalisar tarayya na Gummi da Bukkuyum, da na Anka da Talata Mafara. Sanatan da Zamfara ta Yamma ta zaɓa a 2023, Abdul'aziz Yari, shi ne shugaban ƙungiyar gwamnoni lokacin da aka amince da dala biliyan ɗayan nan. Tsohon gwamna Bello Matawalle an naɗa shi ƙaramin ministan tsaro a 2023. Ba za mu ce ba mu da 'ya'ya a inda ake rabo ba. Su nemo mana jerin kayan da aka karɓa kyauta da waɗanda aka saya, da kuɗinsu, da ranar isowarsu. A riƙa ƙidayar rumbunan makamai duk shekara a gaban mai bincike. A buga sakamakon binciken duk harin da ya faɗa kan farar hula, a biya diyya. Gwamnatin jiha ta faɗi abin da take kashewa a kan tsaro, har da na Askarawa.

Wanda ya san kayansa a ɗaure suke ba ya jin haushin a ce masa gyara. Ranar da masu neman ƙuri'a suka biyo hanyar Daki Takwas da rakiyar motocin sulke, kada mu karɓi atamfa da taliya mu yi shiru. Mu tambaye su lissafi. In sun ce sirri ne, mu tuna musu cewa harajin da tsohon nan ya biya kafin ya shiga gonarsa, a bainar jama'a aka tara shi.

Allah ya zaunar mana da ƙasarmu lafiya.