Zanen Zamani Ba Shirme Ba Ne

Sau da yawa akan ji ɗalibin Hausa, in an nuna masa zanen zamani, ya ce shirme ne, wai don mutanen ciki ba su yi kama da mutane sosai ba. Lalle akwai gaggawa cikin wannan hukunci, balle ga wanda ya san Birnin Zariya. Dagin da magina kan yi a fuskar zaure ba hoton kowa ba ne, amma da ganinsa mai wucewa kan gane ƙasaitar mai gida. Wanda kuma ya shiga tsohon Masallacin Juma'a, watau ginin Babban Gwani Muhammadu Durugu, bakan gizon rufinsa kaɗai kan saukar masa da natsuwa.

A 1958 waɗansu ɗaliban kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya. Cikinsu akwai Uche Okeke da Yusuf Grillo da Demas Nwoko. Manufarsu ita ce gwama fasahar gida da dabarun Turai. A 1960 Nwoko ya yi wani zane a kan halin Nijeriya a 1959. Turawan mulki ne zaune a gaba, fuskokinsu sun yi tsawo, duk sun yi yaushi. Baƙaƙen fata masu yi musu hidima kuwa suna tsaye a baya cikin duhu. Ba a rubuta kome a jiki ba, amma zaman ya nuna mulkin da ya gaji, tsayuwar kuma ta masu jiran lokaci ce. Da Nwoko ya gyara fuskokin kamar na hoto, da wannan ma'ana ta salwanta.

Waɗansu kan ce ai kowa abin da ya ga dama yake gani. Wannan ba hujja ba ce. Mai nazarin waƙa ba ya ƙaga jigo, sai ya kafa shi da baiti. Haka mai nazarin zane, launi da haske da yanayin zama su ne baitocinsa.

Saboda haka ya kamata Sashen Hausa ya ɗauki wannan nazari, ya samar masa da kalmomi. In ba haka ba, fasahar da aka haifa a Zariya sai da Turanci kaɗai za a riƙa bayaninta, 'yan gari kuwa su zama baƙi gare ta.