Iskar Hunturu da Itatuwan Tsakar Gida

Iskar hunturu tana tasowa ne daga arewa maso gabas, ta ratso Sahara, ta sauko ƙasar Hausa tun daga watan Nuwamba har zuwa wajen Maris. Yawancin ƙurar da take kwasowa daga kwarin Bodele na arewacin Chadi take fitowa, inda ruwan tsohon tafkin Chadi ya taɓa kwanciya. Busasshiyar iska ce, ta fi kaɗawa da hantsi, da yamma kuma takan lafa. An fi saninta da kaushi da faso da mura da gobara. Ba a cika tuna abin da take yi wa itacen tsakar gida ba sai ranar da reshe ya faɗo kan kwano.

Masana yanayi suna auna ƙarfin iska da ma'aunin da wani hafsan sojan ruwan Birtaniya, Francis Beaufort, ya tsara a 1805. Yadda ake amfani da shi a yau, iska mai gudun kilomita 62 zuwa 74 a awa ɗaya ita ce ke karya ƙananan rassa, sai ta kai kilomita 89 zuwa sama take tumɓuke itace da saiwarsa. Kuma duk lokacin da gudun iska ya ninka biyu, ƙarfin da take danna itace da shi ninki huɗu yake yi. Hunturu ba kasafai yake kai matakin tumɓuka ba, abin da dama ya mutu ko ya ruɓe shi yake karyawa. Mai kayar da lafiyayyen itace ita ce guguwar da ke zuwa gaban hadarin farkon damina, tsakanin Afrilu da Yuni. Don haka reshen da ya faɗo a Janairu gargaɗi ne, kuma watannin sanyi su ne lokacin da maigida ya kamata ya zagaya itatuwansa.

Dubawa daga gindi take farawa. Gara ce babbar abokiyar gabar darbejiya da mangwaro a gidajenmu, kuma takan bar alama: siririyar hanya ta jar ƙasa da take ginawa a jikin ɓawo. A buga gindin da ƙotar gatari. Lafiyayyen itace amonsa a dunƙule yake, wanda aka cinye cikinsa kuwa sai ya amsa kamar ganga. Naman kaza da ya tsiro a gindi ruɓewar saiwa yake nunawa. Itacen da ya karkata kwanan nan, ƙasa ta ɗago ko ta tsage a ɗaya gefen, ya riga ya fara faɗuwa. A sama kuma ana duba inda manyan rassa biyu suka rabu ko akwai tsaga, da reshen da kauci ya lulluɓe ya yi masa nauyi.

Rashin ganye ba shi ne mutuwa ba. Kuka takan kaɗe ganyenta kaf da rani, gawo kuma nasa akasin haka ne, da damina yake tuɓewa, da rani ya yi kore shar. Mai shakka ya kankare ɓawon ƙaramin reshe da farce: in ya ga kore da danshi, akwai rai.

Sau da yawa masu gida ne ke raunana itacen da hannunsu. Yawancin saiwoyi a saman ƙasa suke, ba su wuce zurfin mita guda ba, kuma suna bazuwa nesa da inuwar itacen. Aka haƙa harsashin sabon ɗaki ko ramin masai kusa da gindi, an datse abin da ke riƙe da shi. Aka malale tsakar gida da siminti har wuyan itacen, an hana saiwa ruwa da iska. Itacen turare, mai saurin tsawo da saurin zubar da reshe, bai dace da jikin ɗakin kwana ba.

Sassabe ma yana da ƙa'ida. Babban reshe ana fara yi masa sara ta ƙasa, sannan ta sama, don kada ya ɓare ɓawon gindi wajen faɗowa. Daga nan a gyara kututturen da ya rage kusa da jikin itacen ba tare da an yanki jikin ba. Gundule kan itace gaba ɗaya, wanda masu gatari suka fi so saboda sauri, dabara ce mai tsada: tohon da zai fito da yawa yake fitowa, a ɓawo kawai yake maƙale, bayan 'yan shekaru shi ne farkon ɓallewa. Reshen da ke shafar wayar lantarki aikin ma'aikatan kamfanin wuta ne. Wanda ya tsallaka katanga kuwa, a yi magana da maƙwabci tun yana sama, kafin maganar ta kai gaban mai unguwa.

Tsoron iska bai kamata ya sa a sare komai ba, domin itace shi ne garkuwar gidan. A kwarin Majiya na jihar Tawa a Nijar, tun 1975 aka fara dasa layukan darbejiya don tare iska daga gonaki, kuma abin da suke yi wa gero shi itacen da ke nesa kaɗan da gini yake yi wa rufi.

Saura rufin kansa. Ana bin kwano a ƙara ƙusa inda ya ɗago, a canza katakon da gara ta ci, a ɗaure tankin ruwa da farantin sola. Bulo da tsofaffin tayoyin da ake danne kwano da su sukan zama abin jifa in iska ta yi ƙarfi. Busasshen ganye da rassan da aka sare kuma a kwashe su daga kusa da murhu da kaskon jin ɗumi, a janye turken dabbobi da tabarmar yara daga ƙarƙashin duk reshen da ba a gama yarda da shi ba.