Duwatsu masu rarrafe a tsaunukan Alp

A ƙasar Suwis, a cikin tsaunukan Alp, akwai wasu tarin duwatsu da suke gangarowa kamar kwararar kunu mai kauri. Wanda ya gan su daga nesa zai ce tsakuwa ce kawai ta zube a gindin tsauni. Amma a ƙarƙashin duwatsun akwai daskararriyar ƙanƙara wadda ba ta narkewa rani da damina, ita ce ta haɗe su wuri guda, kuma nauyi yana jan su ƙasa sannu a hankali.

Asalin abin tsoho ne. Shekaru kimanin 20,000 da suka wuce, ƙanƙara ta cika kwaruruwan Alp, ta ƙwaƙule su, ta bar gefensu a tsaye kamar bango. Da zamanin sanyin ya ƙare, wajen shekaru 11,700 ke nan, sai tsaunukan suka rasa abin da ke tokare da su. Tun daga lokacin suke zubar da duwatsu, kuma har yau ba su gama zama daram ba. A wurare masu tsawo, inda sanyi bai saki ƙasa ba, zubabbun duwatsun suka daskare tare da ruwa, suka soma rarrafe.

Mafi shahara a cikinsu shi ne na Murtel, a yankin Engadin. A 1987 masana suka haƙa rami mai zurfin kusan mita 60 a cikinsa, suka zura ma'aunin zafi. Tafiyarsa ba ta kai kamu ɗaya a shekara ba, amma awon ya nuna cikinsa yana ta ɗumama. Wasu ƴan uwansa kuwa, tun daga shekarun 1990, sun ƙara sauri har suna cin mitoci da dama a shekara, domin ƙanƙara in ta yi ɗumi laushi take yi, ruwa kuma ya samu hanyar kutsawa.

Mutanen garin Pontresina ba su jira ba. A 2003 suka kammala wata katangar ƙasa da duwatsu a bayan gari, domin ta tare laka da duwatsu in sun ɓalle daga tsaunin da ke kansu. Kuɗi ne mai yawa, amma hangen nesa ne.

A watan Agusta na 2017 wani ɓangare na tsaunin Cengalo ya rufto, mutum 8 suka rasa rayukansu, laka ta shiga ƙauyen Bondo. Ranar 28 ga Mayu 2025 kuma, duwatsun da suka zubo kan wata ƙanƙara suka danne ta har ta ɓalle, ta binne mafi yawan ƙauyen Blatten. Mazaunansa kimanin 300 an riga an kwashe su kwana 9 kafin nan, saboda masu awo sun ga tsaunin yana motsi. Mutum ɗaya ne ya rasu, wanda yake wajen ƙauyen a lokacin.