A Ba 'Yan Wasan Kwaikwayo Matsuguni a Abuja

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni fili in tunatar da jama'a cewa wasan kwaikwayon Hausa, wanda ya taso daga tashen watan azumi, ya ratsa makarantu, inda Malam Aminu Kano ya riƙa tsara wasanni tun yana ɗalibi, Abubakar Tunau kuma ya rubuta Wasan Marafa, bai tsaya da ƙafafunsa ba sai da himmar ƙungiyoyin sa-kai, waɗanda malaman makaranta da akawuna da teloli suka raya ba don neman abin duniya ba. A Kano an yi ƙungiyar Maitama Sule, aka kuma yi Tumbin Giwa, wadda ta fitar da fim ɗin Turmin Danya a 1990, alhali kuwa galibin irin waɗannan ƙungiyoyi da karo-karo suke sayen labule, mai wasan sarki ya aro rawani da alkyabba wurin maƙwabci, a yi gwaji a ajin firamare bayan La'asar.

To, ga Abuja ta zama fadar mulki tun 1991, ga Cibiyar Fasaha da Al'adu ta Cyprian Ekwensi a Garki, amma samarin Kubwa da Nyanya da Gwagwalada, masu hazaƙa da fasaha, kuɗin hayar zaure kan gagare su. Ina kira ga hukuma da attajirai, don Allah, su keɓe musu dandali ko da sau ɗaya a mako.

Wassalam,
Naka mai karatu,
Garki, Abuja.