Mayar da Bashin Kati: Jinkirin Banki, Asarar Mai Cin Bashi

A shekarar 2023, bashin da Amurkawa suka ci ta hanyar katin bashi ya zarce dala tiriliyan 1, yayin da kuɗin ruwan da bankuna ke ɗorawa ya haura kashi 20 cikin ɗari a shekara. Wannan ne ya sa jama'a da dama ke kwashe bashinsu daga wani kati zuwa sabon kati na wani banki, wanda ke yafe kuɗin ruwa na tsawon watanni 12 zuwa 21, bisa la'adar kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari.

Sai dai abin da tallace-tallacen bankunan ba su cika bayyanawa ba shi ne tsawon lokacin da aikin ke ɗauka. Bisa ga al'ada, akan kammala shi cikin kwanaki 5 zuwa 7, amma yakan kai makonni biyu ko uku, musamman idan asusun sabo ne. Har ila yau, akwai lokutan da sabon banki ke aika wa tsohon banki ceki ta gidan waya.

A cikin waɗannan kwanaki, tsohon kati bai daina lissafin ruwa ba. Alal misali, wanda ake bi dala 5,000 a kan kashi 21 cikin ɗari, ruwan kusan dala 3 ke hawa kansa kowace rana, wato kimanin dala 60 a makonni uku, ban da la'adar dala 150 ko fiye. Kazalika, galibin bankuna daga ranar buɗe asusu suke fara ƙirga wa'adin rangwame, ba daga ranar da bashin ya iso ba. Mafi muni, wanda ya ɗauka an riga an biya masa, ya ƙi biyan kason wata, zai gamu da tara. Idan jinkirin ya kai kwanaki 30, tabon kan zauna a tarihin bashinsa har shekaru bakwai.

Bankuna na kafa hujja da cewa wajibi ne su tantance mai nema, su kuma kauce wa 'yan damfara. Hujjar tana da ƙarfi dangane da amincewa da sabon kati, amma ba ta wanke jinkirin tura kuɗi ba. A Birtaniya, inda aka soma tsarin biya na gaggawa tun 2008, yawanci kuɗin kan isa a ranar aiki ta gaba. Nijeriya ma ta samar da irin wannan tsari tsakanin bankunanta a 2011, Amurka kuwa ta ƙaddamar da FedNow a 2023. Ke nan matsalar ba ta rashin na'ura ba ce. Wanda jinkiri ba ya ci masa aljihu ba ya gaggawa.

Don haka ya kamata hukumomi su tilasta wa bankuna rubuta wa'adin kammalawa ƙarara, su kuma fara ƙirga rangwame daga ranar da bashin ya sauka. Kafin hakan ta samu, hikima ga mai cin bashi ita ce ya ci gaba da biyan tsohon kati har sai takardar lissafi ta nuna babu sauran ko kwabo a kansa.